Ƙasar Da Motocinta Ke Shan Man Rake

Lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kusan kashi 80 cikin ɗari na man da ƙasar Birazil ke sha daga waje take sayo shi. Don haka a 1975 gwamnatin Janar Geisel ta ɓullo da shirin tace ruwan rake a sami itanol, watau man zuba wa mota.

Kamfanin Fiat ya fito da mota mai shan itanol zalla a 1979, kafin 1985 kuwa galibin sababbin motocin ƙasar irinta ne. Amma a 1989 sukari ya yi tsada, masana'antu suka koma yinsa, itanol ya yi ƙaranci, jama'a suka dawo daga rakiyar shirin.

Abin da ya farfaɗo da shi shi ne injin da ke shan kowanne, wanda Volkswagen ya kawo a 2003, Honda kuma ya sa wa babur a 2009. Litar itanol ba ta kai ta fetur nisan zango, saboda haka direba kan yi lissafi a gidan mai: in kuɗinta ya haura kashi 70 cikin ɗari na kuɗin fetur, sai ya sha fetur.