Na'urar gem ta gida da tafiya: ribarta da tsadarta

A ranar 3 ga Maris, 2017, kamfanin Nintendo da ke birnin Kyoto na ƙasar Japan ya fitar da na'urar wasan bidiyo mai suna Switch a kan dala 300, a daidai lokacin da masu lura da kasuwa suka fara fid da rai da shi. Na'urarsa ta baya, Wii U, wadda ta fito a 2012, da kyar ta haura miliyan 13 a ciniki, alhali yayarta Wii ta wuce miliyan 100. Abin da kamfanin ya zo da shi a wannan karon allo ne mai faɗin inci 6.2, da hannayen sarrafawa guda biyu a gefensa da ake iya zarewa, sai wani ɗan mazauni da ake jonawa da talabijin. In ka zura allon cikin mazaunin, hoto ya koma talabijin. In ka zaro shi, wasa ya ci gaba a tafin hannunka daga inda ka tsaya. Zuwa yau an sayar da fiye da miliyan 150.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1995 kamfanin Sega ya gwada ta da wata na'ura mai suna Nomad, amma batir shida take lanƙwamewa cikin 'yan sa'o'i, sai ta mutu murus a kasuwa. Abin da ya sauya daga baya shi ne bunƙasar wayar hannu, wadda ta kawo batir mai ɗaukar caji da ƙananan ƙwaƙwalen na'ura masu ƙarfi da ba su cin wuta. Ƙwaƙwalwar Switch, wato Tegra X1 ta kamfanin Nvidia, daga wannan dangin ta fito. Da aka ga kasuwa ta buɗe, sai Valve ya fito da Steam Deck a 2022, ASUS ya biyo da ROG Ally a 2023, shi kuma Nintendo ya sake dawowa da Switch 2 a ranar 5 ga Yuni, 2025.

A ganina, babbar ribar irin wannan na'ura ita ce lokaci, kuma masu tallarta ba su cika tsayawa a kan haka ba. Na'urar gida irin PlayStation tana neman abu uku su haɗu kafin ta yi amfani: kana gida, talabijin babu mai kallo, kuma kana da sarari mai ɗan tsawo. Ga yaro ɗan makaranta a lokacin hutu wannan ba matsala ba ce. Ga magidanci, ko ma'aikaciyar asibiti mai aikin dare, ko ɗalibin jami'a da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum huɗu, abubuwan nan uku ba kasafai suke haɗuwa ba. Lokacin babban mutum guntu-guntu yake zuwa: minti ashirin a tasha, rabin sa'a kafin barci, zaman jiran layi. Na'urar da ake danna maɓalli ta yi barci a tsakiyar wasa, a sake dannawa ta farka nan take a daidai wurin, ta dace da irin wannan rayuwa. Akwai manyan wasanni da sai an yi sa'o'i hamsin ko fiye kafin a kai ƙarshensu, irin su Zelda: Breath of the Wild. Mutane da yawa sun gama su ne don sun iya tsinka su ƙanana-ƙanana, ba don sun samu hutun mako guda ba. Sannan a gidan da talabijin ɗaya ne, mai wasa ba ya hana uwargida kallon fim ɗinta ko maigida sauraron labarai, kuma wannan zaman lafiya ba ƙaramin abu ba ne.

A ƙasashenmu akwai ƙarin riba da mai zane a Kyoto wataƙila bai sa ta a lissafi ba, wato wutar lantarki. Da zarar an ɗauke wuta, na'urar gida ta mutu, wani lokacin har da abin da aka buga ba a adana ba. Ita kuwa mai batir, ko tana cikin mazauninta, sai dai a zaro ta a ci gaba. Cin wutarta ma kaɗan ne: Switch ta farko ba ta kai wat 20 ba, yayin da PlayStation 5 ke jan kusan wat 200 idan ana buga manyan wasanni. Ga mai ƙaramar sola ko inbata, bambancin nan a bayyane yake.

Akwai kuma wasu ƙananan alherai. Hannayen nan biyu da ake kira Joy-Con kowanne zai iya zama na mutum ɗaya, don haka daga buɗe kwali mutum biyu za su iya fafatawa a tseren motoci na Mario Kart. Kaset ɗin da aka sayo a Dubai ko Landan ko Tokyo duk zai yi aiki a Switch ta farko, domin ba a kulle ta da yanki ba. Kaset ɗin ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa kamfanin ya shafa masa wani sinadari mai ɗaci don kada ƙananan yara su haɗiye shi.

To amma kowace riba da tsadarta. Na'urar da za ta shiga jaka dole ta rage ƙarfi, domin ƙarfi zafi yake haifarwa, zafi kuma babbar fanka da babban batir yake nema. Wasannin da aka ƙera don manyan na'urori, in an kawo su Switch, sai an rage musu kyan hoto da santsin motsi. The Witcher 3, da aka kawo a 2019, kowa ya yaba ƙoƙarin da aka yi, amma duk wanda ya san shi a kwamfuta zai ga hoton ya dusashe. Masu son ƙwallo su suka fi jin jiki. Daga FIFA 20 zuwa FIFA 23, abin da aka riƙa sayar wa masu Switch tsohon wasa ne da aka sauya wa riguna da sunayen 'yan wasa kawai, sai a EA Sports FC 24 aka kawo musu sabon gini. Wanda ya saba da ƙwallon gidan gem a PlayStation, in ƙwallo kaɗai yake so, to ya yi tunani sosai kafin ya zuba kuɗinsa a nan.

Batir ma yana da iyaka. Nintendo da kansa ya ce Switch ta 2017 tana yin sa'a 2.5 zuwa 6.5, kuma Zelda kusan sa'a uku take cinye cajin. Wadda aka gyara a 2019 ta kai sa'a 4.5 zuwa 9. Switch 2, da yake ta fi ƙarfi, ta koma sa'a 2 zuwa 6.5. Batirin kuwa yana tsufa kamar na waya, kuma a rufe yake cikin jikin na'urar, sai mai gyara ya buɗe. Zafi yana ƙara gaggauta tsufansa. Kamfanin ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan haura 40. Barin ta a cikin mota da rana ganganci ne, ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin iskarta.

Matsalar da ta fi ba ni takaici ita ce ta ɗan kan nan da ake juyawa da babban yatsa, wanda 'yan gem ke kira analok. Bayan an ɗan jima ana amfani, a hannaye da yawa sai a ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba tare da an taɓa komai ba, saboda abin da ke ciki ya goge ko ƙura ta shiga. Ƙorafi ya yi yawa har aka kai kamfanin kotu a Amurka a 2019, shugabansa Shuntaro Furukawa ya nemi afuwa a 2020, kuma a farkon 2021 ƙungiyar masu sayayya ta Turai, BEUC, ta kai ƙara ga hukumar Tarayyar Turai bayan ta tattara koke kusan 25,000. A 2023 Nintendo ya amince ya riƙa gyarawa kyauta a Turai ko da garanti ya ƙare. Wannan nasara ce, amma ta waɗanda ke da hukumomin da ke tsaya musu. Wanda ya sayi tasa a Kano ko Zinder ko Kumasi, in hannun ya lalace, daga aljihunsa zai biya mai gyara ko ya sayi sabo, kuma sababbi guda biyu a kan kusan dala 80 aka fara sayar da su a Amurka. Kuɗi ɗaya muka biya ko fiye, amma kariyar ba ɗaya ba ce, kuma ya kamata mai saye ya san da haka tun kafin ya miƙa kuɗi.

Farashin da ke jikin kwali ma somin-taɓi ne. Wasannin Nintendo ba su cika faɗuwa a farashi ba ko sun shekara biyar: dala 60 aka saba, Mario Kart World na Switch 2 kuwa dala 80 ya fito, ita kanta na'urar a kan dala 450 ta fito. Ma'ajiyar Switch ta farko gigabait 32 ce kawai, dole a sayi memori. Tun Satumbar 2018, a yawancin wasanni, wasa da wasu ta intanet sai an biya kuɗi. A Switch 2 an zo da wani sabon salo: wasu kaset ɗin babu wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai, sai an sauke wasan gaba ɗaya daga intanet. Ga mai sayen data da kuɗinsa, wasa ɗaya zai iya cinye gigabait masu yawa. Steam Deck ta fi sauƙi ta fuskar farashin wasanni domin shagon Steam yana yawan yin rangwame, sai dai nauyinta ya haura giram 600, Switch kuwa kusan 400 ne, kuma hannu yana jin bambancin.

Game da yara, sauƙin ɗaukar nan shi ne kuma haɗarinsa. Talabijin ɗin falo kowa na ganin abin da ake yi a kansa, amma na'urar hannu tana bin yaro har cikin bargo. Nintendo yana da manhajar waya ta kyauta da iyaye za su ƙayyade sa'o'in wasa da lokacin tsayawa da dare. Duk mahaifin da zai saya wa ɗansa, ya saita ta tun ranar farko.

A ƙarshen 2017 kamfanin ya bayyana cewa kusan rabin masu Switch ne ke amfani da ita ta fuska biyun, sauran sun karkata ko dai ga hannu ko ga talabijin. Wannan ya nuna mutane da yawa sun biya kuɗin abin da ba su mora ba. In ka san a falo kawai za ka zauna kuma wuta ba ta dame ka ba, na'urar gida za ta ba ka hoto mafi kyau. In a hannu kawai za ka riƙe, akwai Switch Lite da ta fito a 2019 a kan dala 200, ba ta haɗuwa da talabijin. Mai fuska biyu ta wanda kwanansa ya rabu ne tsakanin gida da hanya.

Da yake yawancinmu wadda aka taɓa amfani da ita muke saye, a kula da abu uku kafin a biya. A nemi samfurin 2019 zuwa sama saboda batirinsa, kwalinsa ja ne. A shiga saitin na'urar a gwada analok ɗin duka biyu, a ga ko ɗigon da ke allo yana tsayawa cak a tsakiya in an sake shi. Sannan a jona ta da intanet a gaban mai sayarwa a buɗe shagon wasanni, domin na'urar da aka taɓa yi wa kutse don buga wasannin sata, Nintendo yakan toshe ta daga intanet har abada.