Ƙofar Shago Ta Ƙi Rufuwa Da Damina: Ina Mafita?

Wani mai sauraronmu da ke sayar da hatsi a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, ya aiko da takarda yana cewa ƙofar shagonsa tana cijewa da damina, sakata ba ta shiga, ga feshin ruwa yana jiƙa masa buhunan masara. Yana tambaya ko ya sa kafinta ya rage kyauren.

To, malam, mun gode da wannan tambaya, amma kada ka yi gaggawar rage kyaure. Katako yana kumbura in ya sha laima, musamman a watannin Agusta da Satumba da ruwa ya fi ƙarfi a Kaduna. In hunturu ya kama a Disamba sai ya tsuke. Ka ga ke nan in ka rage shi yanzu, da rani za a sami kafar da ɓera da ƙura za su bi, har ɓarawo ya sami wurin zura ƙarfe.

Sau da yawa laifin na firam ne, wato katakon da aka kafe a bango wanda kyauren ke maƙale da shi. Ga yadda za ka gane. Ɗaura dutse a bakin zare, ka sako shi daga saman firam ɗin, ka duba ko gefen yana tafiya daidai da zaren. Sannan ka gwada daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ka sake gwada ɗaya ɓangaren. In tsawon bai zo ɗaya ba, firam ya karkace.

Gyaransa sai a cire kyauren, magini ya farfasa simintin gefe, a miƙar da firam, a tokare shi da guntayen katako. A buga dogayen ƙusoshi wuri 3 a kowane gefe don su kama bango, a cike da kwaɓin siminti kwano 1 da yashi kwano 3. A riƙa yayyafa ruwa, kada a mayar da kyauren sai bayan kwana 3.

In gara ta ci gindin firam, sauya shi kawai, ka shafe sabon da maganin gara. Ka kuma ɗaga dokin ƙofa ya ɗara ƙasar waje da kamar inci 4, don ruwa ya bi hanyarsa.

Kuɗin gyaran bai kai asarar buhunan da za su yi fumfuna ba. Allah ya ba da kasuwa. Sai mun ji daga gare ku.