Rumbun Gandu da Bankunan Nijeriya

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san rumbu ba ya faɗin abin da ke cikinsa. A yaɓe shi sumul, a ɗora shi kan duwatsu don gudun danshi, a kifa masa sabuwar jinka, mai wucewa ya ce gidan nan sun gode Allah bana. Ta sama ake zuba dammunan gero da dawa, ta sama kuma ake ɗiba, don haka damin da ke ƙasa kan yi watanni ido bai gan shi ba. Gara kuwa ta ƙasa take shiga. Tana ci a hankali, babu ƙara babu ƙura, sai ranar da aka zura hannu tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a ɗago dami ya zube gari.

Shi ya sa a gidan da ke da tsari akan ɗora wa mutum ɗaya kula da rumbunan, amma ba a bar masa su shi kaɗai. Dattawan gida sukan sa a sauke hatsi da rani a ga ƙasan rumbu, su tambaye shi dami nawa aka zuba, nawa aka ci, nawa aka ranta wa maƙwabta, wa ya biya. Tambayar ba zargi ba ce. Guminsu ne da na 'ya'yansu a ciki.

Haka nake kallon bankuna. Hatsin shi ne kuɗin masu ajiya: albashin malamin makaranta, jarin mai shago a Kantin Kwari, kuɗin da tsohuwa ke tarawa don aikin Hajji. Mai kula da rumbuna shi ne Babban Bankin Nijeriya, tare da hukumar inshorar ajiya ta NDIC. Dattawan gida kuwa su ne 'yan Majalisar Tarayya, waɗanda sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon bincike, sashe na 89 ya ba su ikon kiran kowa ya zo ya yi bayani. Abin da ya faru a 2009 ya nuna yadda dattawan suka riƙe wannan amana.

A 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25. Rumbuna suka ragu, amma suka yi girma. Kuɗi ya yi musu yawa, suka rasa inda za su kai shi, sai da yawansu suka shiga ranta wa mutane don sayen hannun jari, wani lokacin ma hannun jarin bankin da ya ba da rancen, wanda hakan ke ɗaga farashinsa ba tare da wata riba ta gaske ba. Wasu suka zuba maƙudan kuɗi wajen 'yan kasuwar da ke shigo da man fetur. Ma'aikata da 'yan fansho suka yi ta tururuwar sayen hannun jari, ana raba wa shugabannin bankuna lambobin yabo. Wannan ita ce kakar. A lokacin ne ya kamata kwamitocin majalisa masu kula da harkar banki su ce a sauke dammuna a ga ƙasa, domin dokar Babban Banki ta 2007 ta wajabta wa gwamna ya bayyana gaban majalisa sau biyu a shekara ya ba da bayani. Ƙofar tana nan a buɗe, amma ba a matsa tambayar da za ta tono ɓarnar ba.

Daga Maris 2008 kasuwar hannun jari ta fara gangarowa, kafin shekara ta zagayo ta zubar da fiye da rabin darajarta. Farashin ɗanyen mai shi ma ya faɗi. Wasu bankuna suka koma rayuwa da rancen gaggawa daga Babban Banki, su biya yau su sake karɓa gobe. Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi muƙamin gwamnan Babban Banki a Yuni 2009, ya tura masu bincike na Babban Banki da NDIC, kuma ranar 14 ga Agusta ya sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank. Kusan kashi 40 cikin ɗari na bashin da suka bayar ya zama wanda ba a biya, sama da naira tiriliyan ɗaya. Aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su rushe. A Oktoba aka sauke shugabannin Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, aka ƙara biliyan 200 ga bankunan da aka samu da rauni a zagaye na biyu na binciken. Aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, hukumar EFCC mai yaƙi da cin hanci ta shiga kame.

Sai a nan muryar majalisa ta fito da ƙarfi. 'Yan Majalisar Wakilai suka tambayi inda gwamna ya samu ikon fitar da biliyan 420 ba tare da sun amince a kasafi ba. Babban Banki ya amsa cewa rance ne ya bai wa bankunan, dokarsa kuma ta ba shi ikon yin haka. Mutane da yawa sun ji haushin tambayar, suna ganin wanda ya gano gara yabo ya cancanta. Ni ina ganin tambayar tana bisa hanya. Wanda ya ɗebi hatsin gida ya cike rumbun da gara ta cinye, ko da niyyarsa ta alheri ce, dole ya faɗa wa dattawa dami nawa ya ɗiba, daga ina, kuma wa zai mayar. Mai gyara ma mutum ne, yana iya kuskure, yana iya fifita wani a kan wani. Abin da ya rage wa tambayar nauyi shi ne ta zo daga bakin waɗanda suka yi shiru shekarun da ɓarnar ke gudana, kuma ba ta zo tare da 'yar'uwarta ba: yaya aka yi masu binciken Babban Banki da manyan kamfanonin duba lissafi suka yi ta sa hannu a kan littattafan bankunan nan cewa lafiya lau suke?

Dole a faɗi alherin da majalisar ta yi. Ta zartar da dokar kafa AMCON a 2010, hukumar da ta sayi munanan basussukan daga bankuna don su samu numfashi. Albarkacin wannan da sauran matakai, masu ajiya a bankunan da abin ya shafa ba su yi asarar ajiyarsu ba, ko da a 2011 lokacin da aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank aka mayar da su Mainstreet da Keystone da Enterprise. Masu hannun jari ne suka sha asara, cikinsu har da ƙananan mutane da suka sa kuɗin sallamarsu. Kotu ta ɗaure Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar Oceanic, a 2010 tare da ƙwace dukiya mai yawan gaske. Shari'ar Francis Atuche, tsohon shugaban Bank PHB, kuwa sai 2021 aka yanke ta.

Amma daga nan dangantakar ta koma ta jayayya. A ƙarshen 2010 Sanusi ya ce majalisa na cinye kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya, Majalisar Dattawa ta kira shi, ya ƙi janye maganarsa. A 2012 aka kawo ƙudurin rage 'yancin Babban Banki, mutane da dama suka ɗauke shi ramuwar gayya. A shekarar ce kuma, a zaman binciken durƙushewar kasuwar hannun jari da ake nunawa kai tsaye a talabijin, shugabar hukumar SEC mai kula da kasuwar, Arunma Oteh, ta zargi shugaban kwamitin majalisa da ke binciken, Herman Hembe, da neman kuɗi daga hukumarta. Ya musanta, ya kuma sauka daga jagorancin binciken, aka kafa wani kwamiti. Ba hukunci nake yanke masa ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne talakan da ya yi asarar jarinsa ya zauna gaban talabijin don jin wa ya cuce shi, ya tashi da labarin rigimar masu bincike. Dattijon da ake zargin hannunsa na cikin rumbu, ko gaskiya ya faɗa ba mai saurara.

A Birtaniya ma bankuna sun durƙushe a wannan zamani, majalisarsu kuma ita ma ta makara. Bambancin yana ga abin da ta yi bayan makarar. A Fabrairu 2009 kwamitin baitulmali na Majalisar Wakilansu ya zaunar da tsofaffin shugabannin bankunan RBS da HBOS a bainar jama'a, suka nemi gafara. A 2012 aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ƙarƙashin Andrew Tyrie, ya ɗauki ƙwararru, ya yi watanni yana tono yadda HBOS ya lalace, har James Crosby, tsohon shugaban bankin, ya nemi a karɓe sarautar girmamawa da aka ba shi. Daga rahoton kwamitin aka samar da tsarin da ke rataya wa kowane babban jami'in banki alhakin sashensa da sunansa, wanda ya fara aiki a 2016. Sun bi garar har raminta.

Mu kuwa har yau AMCON na bin bashin tiriliyoyin naira, bankuna na biyan haraji duk shekara don cike giɓin, kuma kowa ya san daga aljihun abokan hulɗarsu suke fanshewa. An soke lasisin Skye Bank a 2018, an soke na Heritage Bank a Yuni 2024. A Maris 2024 Babban Banki ya sake umartar bankuna su ƙara jari, naira biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, ya ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2026. Wata kakar ce ke nan, rumbuna za su sake cika, za a sake yabon juna.

Ina kira ga kwamitocin banki na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su riƙe zaman nan na sau biyu a shekara da muhimmanci, a yi shi a fili, da ƙwararrun akantoci na majalisa waɗanda ba hukumar da ake bincika ce ke biyansu ba. Su tambayi nawa daraktoci suka ranta wa kansu da kamfanoninsu, nawa ne bashin da aka sake wa wa'adi don kada a kira shi matacce, kuma su wa suka riƙe kuɗin AMCON. Mai karatu, idan ɗan majalisarka ya dawo gida hutu, ka tambaye shi yaushe rabon da kwamitinsu ya zaunar da gwamnan Babban Banki, da abin da gwamnan ya ce game da bankin da kake ajiya.