Masu Koya wa Kwamfuta Cuɗa Karta

Akwai masu rubuta manhaja da ba kwangila suke jira ba, ba su kuma da abin sayarwa. In an tashi daga aiki ko makaranta sai su buɗe kwamfuta su duƙufa kan wani ɗan wasan karta da ba hoto ba sauti, sai rubutu zalla. Na'ura ta rubuto: "Kana da 15, a ƙara maka?" Mutum ya amsa mata. Wasan ke nan.

Sana'ar ta girmi yawancin masu yin ta. A 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro harshen BASIC a kwalejin Dartmouth ta Amurka. A 1973 David Ahl ya tattara wasanni 101 da aka rubuta da shi cikin littafi guda, har da Blackjack na gidajen caca. Da ƙananan kwamfutoci suka shiga gidaje a ƙarshen shekarun 1970, yara suka riƙa kwafe irin waɗannan wasanni layi bayan layi. Yau Python ne ya gaji BASIC wajen 'yan koyo.

Dokar Blackjack gajeriya ce, shi ya sa ake fara da ita: kati 52, ka kusanci 21 fiye da mai rabawa, kada ka zarce. Shi mai rabawa ba ya da zaɓi, tilas ya yi ta ja har ya kai 17. Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne katin As, mai zama 1 ko 11 gwargwadon hali. As biyu a hannu 12 ne, ba 22 ba. Gwanaye sukan lissafa kowane As a 11, in jimla ta haura 21 su zare goma.

Amma a wajen cuɗawa ake gane gwani. Kwamfuta ba ta san sa'a ba, lissafi take yi mai kama da kan-mai-uwa-da-wabi. Ɗan koyo zai sa ta zaɓi lamba daga 1 zuwa 52 a kowane rabo, ya manta bai cire katin da ya fita ba, sai ga kati ɗaya ya bayyana sau biyu a teburi. Maganin tsoho ne: Ronald Fisher da Frank Yates suka bayyana shi a 1938, Richard Durstenfeld ya daidaita shi da kwamfuta a 1964. Ka fara daga katin ƙarshe, ka musanya shi da wani cikin waɗanda ba su samu mazauni ba, ka matsa baya, har su ƙare. Layi huɗu ko biyar ne, amma manya ma sun sha kunya a kansa. A 1999 wasu masu binciken tsaron manhaja a Amurka suka gano wani dandalin karta na intanet da ke ɗora cuɗawarsa kan agogon kwamfuta. Hanyoyin jera kati 52 adadi ne mai lambobi 68, amma agogon ya tsuke su zuwa kusan miliyan 86. Da sun ga kati biyar sai su san hannun kowa.

Wani zai ce ai wannan caca ce aka sake wa riga. Amma ko kwabo ba ya fita daga aljihu, kuma ban san abin da ke tona asirin gidan caca kamar wannan aiki ba. Sa na'ura ta buga wa kanta hannu dubu ɗari, za ka ga kuɗin bogin ɗan wasa na zagwanyewa, domin shi ke fara ja: in ya zarce 21 ya faɗi nan take, ko da mai rabawa zai zarce daga baya.

Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, ya rubuta Whot da muka saba bugawa, cuɗawa da rabawar duk ɗaya ne. Wayar Android da manhajar Pydroid sun isa a fara.