Zaman Yau da Kullum a Tashar Bincike ta Ƙuryar Kudu

A tsakiyar nahiyar Antaktika, daidai ƙuryar kudu ta duniya, akwai tashar bincike da ake kira Amundsen-Scott, wadda Amurka ta kafa a shekarar 1956. Tashar tana zaune ne bisa ƙanƙara mai kaurin mita 2,700, kuma tsayinta daga gaɓar teku ya kai mita 2,835. Saboda wannan tsayi, baƙo yakan yi kwanaki yana fama da haki da ciwon kai kafin jikinsa ya saba.

Abu na farko da ya bambanta wannan wuri da sauran wurare shi ne rana. Sau ɗaya take fitowa a shekara, watau a watan Satumba, sa'an nan ta faɗi a watan Maris. Wata shida haske, wata shida babu rana. Tun da yake sama ba ta nuna safiya ko maraice, agogo ne kaɗai ke tsara barci da aiki da cin abinci, kuma lokacin ƙasar Niyu Zilan ake bi, domin ta can jirage ke bi su zo. Sanyi kuwa, a watan Yuni na 1982 ya kai digiri 82.8 ƙasa da sifiri.

A lokacin haske mutum wajen 150 ke zaune a tashar. Daga tsakiyar Fabrairu jirage sukan daina sauka, sai a bar mutum arba'in da 'yan kai su yi kimanin wata takwas ba shiga ba fita. Galibinsu ba masana kimiyya ba ne. Akwai kuku, da likita, da makanikai, da masu gyaran wuta da na famfo. Idan injin wuta ya mutu ba a tayar da shi ba, to, ba a maganar bincike, sai dai maganar tsira da rai.

Daga nan ake gane dalilin tsananin tsimi da ake yi. Ko da yake ƙanƙara ta kewaye wurin, ruwa yana da tsada ƙwarai, gama sai an ƙona mai kafin a narkar da ita, man kuwa ana jawo shi ne daga tashar McMurdo da ke bakin teku, ko ta jirgin sama, ko da manyan motocin tarakta, tafiyar kilomita wajen 1,600. Saboda haka wanka sau biyu ne a mako, kowanne minti biyu. Ɗanyen ganye kuma ana noma shi a wani ɗaki, cikin ruwa mai sinadari, da hasken lantarki. Har ila yau, shara ba a zubar da ita. Ana rarrabe ta a ɗaure, a fitar da ita daga nahiyar. Share ɗakuna da wanke banɗaki kuwa bi da bi ake yi, babu babba babu yaro.

Haɗarin wannan kaɗaici ya bayyana a 1999, sa'ad da likitar tashar, Jerri Nielsen, ta gano tana da sankarar mama a tsakiyar duhu. Jirgi bai iya sauka ba, sai dai ya jefo magunguna da laima. Ita ta riƙa yi wa kanta magani, abokan zamanta suna taimakonta, har aka ɗauke ta a watan Oktoba.

Ana jure duk wannan ne domin iskar wurin tana da tsabta, ba ta da laima, ta dace da awon yanayi da binciken taurari. Amma kowane sakamako da masani ya aika duniya, yana rataye ne a wuyan wanda ya kwana yana gadin injin wuta.