Shin Ko Kun San? Ba Kowane Mai Minshari Magani Ɗaya Ke Yi Masa Ba

Shin ko kun san wani minsharin ciwo ne? Maƙogwaro ke toshewa cikin barci, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura ya koma barci bai sani ba. Idan abin ya kai sau 30 a awa guda, likitoci na ɗaukarsa mai tsanani. Yana da hannu a hawan jini, yana kuma sa direba gyangyaɗi a kan sitiyari.

Ko kun san na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostireliya a 1981, har yau ita ce kan gaba? Sai dai da yawa ba sa jure kwana da takunkuminta, kuma tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Nan ne sauran hanyoyin suka zama abin nema.

Wani sai ya kwanta rigingine maƙogwaronsa ke toshewa. Irin wannan kan samu sauƙi da kwanciya ta gefe, har akan ɗinka ƙwallon tanis a bayan rigar barci don kada ya juya.

Wani kuma muƙamuƙinsa ne ya koma baya, sai likitan haƙori ya ƙera masa roba daidai bakinsa, ta riƙa turo haɓar gaba.

A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da Inspire, 'yar na'urar da ake dasawa a ƙirji, tana motsa jijiyar harshe don kada ya faɗa baya ya tare hanyar iska. A Disambar 2024 kuma ta amince da allurar Zepbound ga masu ƙiba, magani na farko da aka yarje wa don wannan ciwo.

Har busa na taimakawa: wani bincike a Suwizalan ya nuna busa dijeridu, doguwar sarewar 'yan asalin Ostireliya, na rage matsalar.

Ana tiyatar maƙogwaro a asibiti, amma yankan belu wajen wanzami ba ya maye gurbinta, kuma zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta kan biyo baya.

Uwargida, idan kin ji numfashin maigida na ɗaukewa da dare, kada ki yi shiru, ki sa ya je ya ga likita.