Raƙumi a Gefen Jirgi: Kano a Idon Masu Ɗaukar Hoto

 Yau tsofaffin hotuna za mu duba, na Kanon shekarun 1950. Na san rediyo ba ta nuna hoto, amma ku ba ni aron kunnuwanku, ni zan zame muku ido.

Ga na farko. Wani bawan Allah ne a kan raƙumi, ya sha rawani, ya ɗaga dogon kakaki sama yana busawa. A bayansa ga jirgi mai farfela huɗu a tsaye, ƙarfen jikinsa na ƙyalli a rana. Wannan mai kakaki sananne ne a filin jirgin saman Kano a wancan zamani, shi ke busa idan jirgi ya doso. Ba a cika samun Baturen da ya sauka da kyamara a wuya ya wuce bai ɗauke shi ba.

To me ya tara Turawa a Kano haka? Mai ne ya tara su. Jiragen lokacin ba su iya tashi daga Turai su dire kudancin Afirka a zango ɗaya, dole su tsaya shan mai da zarar sun ƙetare Sahara. Jirgin KLM mai zuwa Johannesburg daga Amsterdam a nan yake yada zango, haka Sabena mai zuwa Kongo daga Beljiyam, haka BOAC mai tasowa daga Landan zuwa Legas. Tun a farkon Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a filin da ake wasan dawaki a Kano. A 1936 Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta nan suka riƙa bi zuwa Masar. Garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana saukar da ayarin fatake sai ga shi ya zama zangon masu bin sama.

Sai dai ni hoton raƙumin nan bai cika burge ni ba. Abin da baƙo ya zo da niyyar gani ne: ga tsohon zamani, ga sabo, a jera su a ɗauka a kai gida. Idan kuna son sanin Kano, ku bar tsakiyar hoton ku dubi gefe. Can za ku ga lebura ya rungumo akwati, ga ma'aikaci da gajeren wando ya hau fiffike yana jan mesar mai, ga keke an jingine a inuwa. Waɗannan su ne masu aikin, kuma da wuya ka juya bayan hoto ka tarar an rubuta sunan ɗayansu.

Wanda ya samu lokaci yakan shiga gari, kuma kusan hanya ɗaya suke bi duka: ganuwa, kasuwar Kurmi, babban masallacin da aka gina a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai marinar Ƙofar Mata. A hotunan marina nake daɗewa. Marini ya tsuguna a bakin rami, ya tsoma ƙyalle ya ɗago shi ya sha iska, domin iskar ce ke mai da ruwan baba shuɗi. Hannunsa ya rine har gwiwa. Ko a hoton da ba launi kana ganin inda baƙin ya tsaya. Bai kalli kyamara ba, bai da lokacinta.

Sai dalar gyaɗa. Buhu wajen 15,000 a dala guda, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas. Daga nesa ka ce dutse ne. Sai ka matso ka ga ɗan dako da buhu a ka yana taka buhunan da ke ƙasa, ba takalmi, yana hawa. Fasinjan sama ya kwana ɗaya ya isa Landan, gyaɗar da ke riƙe da arzikin Arewa a lokacin kuwa takan yi watanni a tsibe don taragu ba su isa ba.

Akwai waɗanda ba wucewa suka zo yi ba. E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria, ya tara hotuna masu yawa da yanzu suke Jami'ar Northwestern a Amurka. Eliot Elisofon na mujallar Life ya zo a 1959, ana gab da samun 'yancin kai, nasa kuma suna gidan tarihin Smithsonian a Washington. Amma ko su iyakarsu zaure. Tsakar gida, inda mata ke daka da kaɗi da saƙar hula, inda ake dafa abin da yara ke talla a titi, ba ta cika fitowa ba. Wanda ya san Kano ta hotunan nan kaɗai zai ɗauka garin maza ne da 'yan talla.

Ba kuma kowace rana ce ta kakaki ba. Ranar 24 ga Yunin 1956 jirgin BOAC ya tashi daga Kano cikin hadari, iska ta danno shi ya bugi bishiya, mutum 32 daga cikin 45 suka rasu.  A 1957 aka buɗe sabon ginin tashar, maniyyata kuma suka ƙara karkata ga jirgi, maimakon tafiyar da kakanninsu kan yi shekaru suna yi ta ƙasa ta Sudan. Daga baya manyan jirage masu dogon zango suka fito, waɗanda ba su buƙatar tsayawa shan mai, da yawansu suka koma wuce Kano ta sama, masu kyamarar suna zaune a ciki.